Yadda za ka zaɓi rulon shafa fentin efoksi

Idan ka taɓa shiga ɗakin haihuwa, ko ɗakin gwajin jini, ko wata babbar mangaza, ka ga daɓe yana sheƙi, babu tsaga babu layin haɗi, to mai yiwuwa fentin efoksi aka shafa masa. Fenti ne mai ƙarfi. Yana toshe ramukan siminti, yana hana daɓe tayar da ƙura, kuma ana wanke shi da ruwa da sabulu ba tare da ya ɓare ba. Amma yana da tsada, kuma ba ya yafe kuskure. Sau da yawa abin da ke ɓata aikin shi ne kayan da ya fi araha a cikin dukan sayayyar, wato rulo, wanda maƙwabtanmu na Najeriya ke kira rola. Ko kai ne mai fentin, ko kuwa ƙungiyarku ce ta ɗora maka kula da aikin, ya kamata ka san irin rulon da za a saya tun kafin a buɗe gwangwani.

Abin da ya bambanta efoksi da sauran fenti

Fentin bango da ka saba gani yana bushewa ne idan ruwan da ke cikinsa ya tashi ya bi iska. Efoksi kuwa sandarewa yake yi. Ana sayar da shi gwangwani biyu. Na farko, mai harafin A, shi ne danƙon. Na biyu, mai harafin B, shi ne mai sandarar da danƙon. Muddin kowane yana cikin gwangwaninsa a rufe, yana iya yin watanni bai canza ba. Da zarar an haɗa su, sai su fara cin juna, haɗin ya ɗauki zafi, ya yi kauri, daga baya ya zama kamar dutse. Rufe bokiti ba ya tsayar da wannan aiki, ƙara ruwa ma ba ya tsayar da shi.

Wataƙila ka san gam ɗin nan mai suna Araldite, mai ƴan bututu biyu, wanda ake liƙe fasasshen ƙarfe ko tangaran da shi. Shi ma efoksi ne. Wani masanin haɗa sinadarai na ƙasar Suwizalan, Pierre Castan, yana cikin waɗanda suka fara gano wannan danƙo, kuma kamfanin Ciba ya fito da Araldite kasuwa a shekarar 1946. Idan ka tuna yadda gam ɗin yake kama yatsu, da yadda yake ƙin fita bayan ya sandare, ka riga ka san halin fentin da muke magana a kai.

Abubuwa uku a halin efoksi su ne suke wahalar da rulo. Yana da yauƙi da danƙo kamar zuma, saboda haka yana fizge duk gashin da bai kafu sosai ba. Wasu nau'o'insa suna ɗauke da ruwan tsinka fenti mai ƙarfi, dangin wanda masu fenti ke kira tina ko dilwan, kuma wannan ruwa yana narkar da gam da kwali da soso marar kyau. Sannan duk abin da ya faɗa cikinsa kafin ya sandare ya zauna ke nan. Idan gashin rulo ya zube a fentin bango, sai ka tsince shi ka sake shafawa. A kan efoksi sai an goge wurin da takardar yashi ko da injin guga, an share, an sake sayen wani fentin.

Fara duba bututun ciki

Rulo yana da sassa biyu. Akwai mariƙi na ƙarfe wanda ake kamawa, akwai kuma riga, wato abin nan mai gashi da ake zurawa a kan mariƙin. Rigar ita ce ke taɓa fenti, ita ce kuma ake canzawa. Yawancin masu saye suna shafa gashin su ji laushinsa, su biya kuɗi. Kai ka fara leƙa cikin rigar tukuna.

A cikin kowace riga akwai bututu wanda aka naɗe yadin gashin a kansa. A riguna masu araha, kwali ne aka murɗa aka liƙe da gam. Irin wannan yana jure fentin ruwa na ɗan lokaci, amma idan ya sha efoksi mai ruwan tsinkawa sai ya yi laushi, ya lanƙwashe, yadin ya fara warwarewa kamar rawani a tsakiyar aiki. A wannan lokaci haɗinka yana can cikin bokiti yana sandarewa, kai kuma ba ka da damar komawa kanti.

Bututun da ya dace iri biyu ne. Ɗaya na roba ce mai tauri, fara ko mai launi. Ɗayan takarda ce da aka jiƙa da wani danƙo aka gasa ta har ta yi tauri, launinta yakan zama ja mai duhu ko ruwan ƙasa. Na biyun yana kama da kwali a ido, don haka ka gwada shi da farce. Kwali yana karɓar shaidar farce, gefensa kuma yana ɓarewa falle-falle. Bututun kirki ba ya lotsawa ko ka matsa shi da yatsu biyu. A wasu riguna masu kyau ma ba a sa gam ba sam, da zafi aka manne yadin a jikin robar, kuma waɗannan sun fi jure wa ruwan tsinkawa.

Irin yadi da irin gashi

Yanzu ka buɗa gashin da yatsunka har ka ga gindinsa. Yadin rulo ana yin sa ta hanya biyu. Akwai wanda aka saƙa irin saƙar masaƙa, zare na tsaye da zare na kwance suna gicciye da juna, kowane gashi a ɗaure tsakaninsu. Akwai kuma mai saƙar sarƙa irin ta rigar sanyi, inda za ka ga zaren ya yi ƴan zobba. Mai saƙar sarƙa yana ɗaukar fenti da yawa, shi ya sa masu fentin bango suke son sa, amma gashinsa bai kafu sosai ba. Don efoksi, mai saƙar masaƙa za ka nema. Yana ɗaukar fenti kaɗan, yana ajiye shi daidai, kuma ba ya yawan zubar da gashi.

Shi kansa gashin, mafi yawa na roba ne. Na nailan yana da ƙarfi, yana jure wa ruwan tsinkawa, kuma shi ne aka fi amfani da shi a daɓen siminti. Akan gan shi fari da layi mai launi a jikinsa, amma kada ka dogara da layin, domin kowane kamfani da irin launin da yake sawa. Akwai kuma mai gashi siriri ƙwarai, mai laushi kamar audugar rimi. Wannan ya fi dacewa da efoksi mai ruwa-ruwa, musamman irin wanda ake tsinkawa da ruwa. Idan fentin yana da kauri sosai, gashin nan yakan kwanta ya manne.

Don shafi na ƙarshe a wuri mai santsi, kamar ƙofar ƙarfe ko teburi, masu sana'a suna son rigar moha. Moha gashin akuyar Angora ne, wadda asalinta ƙasar Turkiyya ce. Jar akuyarmu ta Maradi fatarta ce ta yi suna a duniya, ita kuwa wannan gashinta ne. Yawanci ana gauraya shi da zaren roba, a yanke shi gajere. Yana barin fenti sumul, sai dai ba ya ɗaukar fenti mai yawa, don haka a babban daɓe zai ɓata maka lokaci.

Rigar da za ka guje wa ita ce mai dogon gashi buzu-buzu kamar buzun tunkiya, wadda ake shafa fentin ruwa da ita a bangon yaɓe. Ita ce ta fi yawa a kantuna, ita ce kuma mai kanti zai fara miƙo maka idan ka ce kawai kana son rulo. Araha ba ta ado.

Tsawon gashi

A jikin ledar da aka naɗe riga akan rubuta lamba tare da haruffa biyu, mm. Wannan shi ne milimita, kuma lambar tana nuna tsawon gashin. Milimita 10 su ne santimita 1. Ko ba ka iya karanta sauran rubutun da ke ledar ba, domin da Faransanci ko Turanci yake, wannan lamba za ka iya gane ta. Kayan da suka fito daga ƙasashen da ke awo da inci kuwa sukan zo da lamba irin 1/4 ko 3/8 ko 1/2. Na 1/4 ya yi kusan milimita 6, na 3/8 kusan milimita 10, na 1/2 kuma kusan milimita 13.

Ƙa'idar ita ce, gwargwadon santsin wuri, gwargwadon gajartar gashi. Ƙarfe, katakon da aka goge, da daɓen da ya riga ya sha shafi ɗaya ya yi sumul, suna son gashi na milimita 4 zuwa 6. Daɓen siminti na yau da kullum, wanda aka goge aka share, yana son kamar milimita 10. Idan simintin yana da kaushi da ƙananan ramuka, ko kuwa an watsa yashi a kan shafin farko don hana santsi, sai ka hau zuwa 12 ko 13 domin gashin ya kai fenti cikin ramukan. Abin da ya wuce haka ba na efoksi ba ne.

Ga dalili. Dogon gashi yana riƙe iska a tsakaninsa. Duk juyin da rulo ya yi, sai ya tura iskar cikin fenti, ta zama kumfa. A fenti mai ruwa kumfar tana fashewa da kanta. A efoksi mai kauri takan maƙale, ta sandare a wurin, ko ta fashe a makare ta bar rami kamar na zanzana. Dogon gashi kuma yana barin daɓe da kurji-kurji irin na ɓawon lemu, yana shanye fenti mai yawa wanda ba zai taɓa komawa ƙasa ba. Gashin da ya cika gajarta shi ma yana da nasa laifi: a kan siminti mai kaushi yana bi ta kan tudu ya bar kwari a bushe, kuma ta nan ruwa zai riƙa shiga ƙarƙashin fenti.

Idan kuɗinka na iri ɗaya ne kawai, kuma daɓen siminti za ka shafa, ɗauki na milimita 10 mai saƙar masaƙa.

Rulon soso

Mutane da yawa suna tsammani rulon soso ya warware matsala tun da ba shi da gashin da zai zube. A daɓe ba haka abin yake ba. Soso mai kauri yana cike da iska, duk lokacin da ka danna shi sai ya hura kumfa cikin fenti. Na araha kuma yana kumbura ko ya yage idan ya haɗu da ruwan tsinkawa. Akwai dai wani iri mai siririn soso, kaurinsa kamar milimita 3, wanda masu ƙera jiragen ruwa da kafintoci suke shafa efoksi marar ruwan tsinkawa da shi a kan katako. Wannan yana aiki da kyau a ƙaramin wuri mai santsi. Idan ba shi ka samu ba, bar soso.

Faɗin rulo da mariƙi

A kantuna za ka tarar da riguna masu faɗin santimita 18, da 23, da 25. Kowace a cikinsu ta isa ɗaki ɗaya ko biyu. Akwai manya, masu santimita 45 zuwa 50, waɗanda ake aiki da su a manyan mangazu. Suna gama wuri da sauri, kuma sauri yana da daraja a aikin efoksi, amma suna buƙatar mariƙi mai kama su ta gefe biyu, suna kuma da nauyi idan sun sha fenti. Ƙaramin rulo na santimita 10 yana da amfani a gindin bango, da bayan ƙofa, da matakala. Shi ma ka zaɓe shi da irin idon da ka zaɓi babban, domin gashin da ya zube a kusurwa da wanda ya zube a tsakar ɗaki duk ɗaya ne.

Ka gwada rigar a kan mariƙin tun a kanti. Faɗi da girman rami ba ɗaya ba ne a kayan kowace ƙasa, kuma rigar santimita 25 ba za ta zauna a mariƙin 23 ba. Juya ta da hannu. Idan tana cijewa ko tana rawa, to a kan efoksi ja za ta riƙa yi maimakon mirginawa. Ƙarfen mariƙin ya zama mai kauri wanda ba ya lanƙwashewa, domin danƙon fentin yana riƙe rulo da ƙarfi. Sannan ka nemi sanda mai tsawon mita 1 da rabi wadda za ta shiga gindin mariƙin, don ka yi aiki a tsaye, fuskarka nesa da warin fenti, gumin goshinka kuma kada ya ɗiga a kai.

Rulo mai ƙaya

Akwai wani rulon da ba shi da gashi sam, jikinsa duk tsinkayen roba ne kamar bayan bushiya. Ba a shafa fenti da shi. Aikinsa yana zuwa ne a irin efoksin da ake zubawa da kauri, milimita 2 zuwa 3, wanda yake bajewa da kansa. Ana baza wannan da faranti mai haƙora, sannan a bi da rulo mai ƙaya a hankali, tsaye da kwance, don tsinkayen su fasa kumfar da ke ciki su daidaita kaurin. Dole tsinkayen su fi kaurin fentin tsawo. Mai yin wannan aiki yana ɗaura takalmi mai ƙusoshi a ƙarƙashin nasa don ya taka ɗanyen fenti ba tare da ya bar sawu ba. Idan shafin sirara ne za ku yi, wanda bai kai rabin milimita ba, ba ku da buƙatar wannan rulo, kada a sa ku saye.

Gwaji kafin ranar aiki

A kanti, kama gashin da yatsu biyu ka ja. Goga rigar a kan baƙin yadi ka duba abin da ta bari. Ƴan gashi biyu ko uku ba laifi ba ne, amma idan yadin ya yi furfura, mayar da ita. Duba kuma layin da yadin ya haɗu a jikin bututu. Idan akwai rata a wurin, ko gefe ɗaya ya hau kan ɗaya, wannan layi zai riƙa fitowa a daɓe duk juyi.

Idan kana shakkar wani iri, sayi guda ɗaya tukuna. Tsoma gefenta cikin ruwan tsinkawar da aka ba ka tare da fentin, ka bar ta kamar awa ɗaya a waje cikin inuwa, nesa da wuta. Idan bututun ya yi laushi ko yadin ya saki, ka yi asarar riga ɗaya, fentinka yana nan.

Ko riga mai kyau ma tana zuwa da ɓurɓushin gashi daga masana'anta. Kafin ka sa ta a fenti, naɗe ta da salatif, ka ɓare, ka sake har sau biyu ko uku, sai ka ga salatif ɗin ya fito da tsabta. Idan gashin bakin rigar ya yi tsini, rage shi kaɗan da almakashi don kada ya riƙa ja maka layi. Masu fentin bango sun saba jiƙa sabon rulo da ruwa kafin su fara. Kada ka yi haka a nan. Yawancin efoksi ba ya shiri da ruwa, laima kaɗan tana sa shi ya yi fari-fari ko ya ƙi sandarewa daidai.

Zafin ƙasarmu da yawan rigunan da za ka saya

A jikin gwangwani akan rubuta mintocin da haɗin zai yi kafin ya fara kauri. Amma an auna wannan lokaci ne a zafin digiri 20 ko 23. Duk ƙarin digiri 10 yana rage shi da kusan rabi. Fentin da aka ce yana ba da minti 40 a digiri 20, zai ba ka kamar minti 20 a digiri 30, da kamar minti 10 a digiri 40. A Yamai da Tawa da Maradi da Damagaram, zafin rana yana kaiwa digiri 40 har ya wuce a watannin Afrilu da Mayu. Haɗin da aka bari a tare cikin bokiti ya fi saurin sandarewa, domin zafin da yake fitarwa yana ƙara hura shi, har wani lokaci ya yi hayaƙi ya narkar da bokitin roba. Shi ya sa ake haɗawa kaɗan-kaɗan, a zuba a ƙasa nan da nan.

Wannan ya shafi rulo kai tsaye. Fentin da riga ta sha tun farko yana nan cikin gashinta yana sandarewa, ko da kana ta tsoma ta a sabon haɗi. Can sai ka ji rulo ya yi nauyi, yana ƙara kamar ana yage yadi, yana barin gudaji. Ta gama aikinta ke nan. A lokacin zafi, lissafa riga ɗaya ga kowane haɗi, ka ƙara ɗaya ko biyu na ajiya.

Mu ɗauki misali da ɗaki mai mita 4 a mita 5, wato murabba'in mita 20. Lita 1 ta fenti tana rufe murabba'in mita 5 idan kaurin shafin kashi ɗaya cikin biyar ne na milimita. Ke nan shafi ɗaya zai ci lita 4. Idan kana haɗa lita 2 a lokaci guda, haɗi biyu ke nan, riga biyu. Shafi biyu, riga huɗu. Ka sa ta ajiya, biyar. Kuɗin riguna biyar bai kai komai ba idan ka gwada shi da na lita 8 na efoksi.

Ajiye gwangwanayen a inuwa mai sanyi tun jajibirin aiki. Shafin farko a kan siminti ya fi kyau bayan la'asar, lokacin da daɓe ya fara hucewa. Da hantsi siminti yana ɗumama, iskar da ke ramukansa tana fitowa, ta huda ɗanyen fenti ta bar kumfa, sai a ɗora wa rulo laifin da ba nasa ba. Da hunturu kuwa ƙura ce abokiyar gaba: kada ka cire riga daga ledarta sai za ka yi aiki da ita, kuma kada ka ajiye rulo a ƙasa. Da damina, ka tabbata daɓen ya bushe. Liƙa leda mai faɗin kamu biyu a kan simintin, ka toshe gefunanta da salatif, ka bar ta ta kwana. Idan da safe ka ga raɓa a ƙarƙashinta ko wurin ya yi duhu, jira. Sabon siminti kuwa sai ya yi kwana 28.

Yadda ake tafiyar da rulon

Rulo mai kyau a hannun mai gaggawa ba ya hana kumfa. Zuba haɗin a ƙasa kamar igiya, ka baza shi, sannan ka bi ta gicciye don kaurin ya daidaita. Tafi a hankali. Kada ka danna, nauyin rulon ya isa. Kowane layi ya ɗan hau kan na kusa da shi tun yana ɗanye. Wurin da ya fara kama yatsa, kada ka koma kansa ko da ka hango aibi, domin rulo zai tumɓuke fentin ya bar tabo wanda ya fi na farko muni. Fara daga ƙuryar ɗaki ka ƙare a bakin ƙofa.

Jikinka, da abin da ya rage bayan aiki

Abin da ke gwangwanin B yana ƙona fata. Shi kuwa danƙon, idan yana yawan taɓa jiki, yana iya jawo ƙaiƙayi da kumburi waɗanda za su riƙa dawowa duk lokacin da mutum ya sake taɓa shi, har ya hana shi sana'ar. Sa safar hannu ta roba mai kauri, irin ta naitiril, da riga mai dogon hannu, da tabarau. Idan fenti ya taɓa fatarka, goge shi da tsumma ka wanke da ruwa da sabulu. Kada ka wanke hannu da tina ko fetur, domin suna ƙara shigar da dafin cikin fata. Idan ya faɗa ido, yi ta zuba ruwa mai tsabta har minti 15, sannan ka tafi likita da gwangwanin a hannunka don a ga abin da ke ciki. Bar iska tana ratsa ɗakin, kada kuma a kunna taba ko a kawo garwashin shayi kusa.

Rigar da ta sha efoksi ba a wanke ta. Ruwan tsinkawar da za ka ƙarar wajen wankin ya fi ta tsada, kuma ba za ta koma yadda take ba. Abin da za ka ceta shi ne mariƙin. Da ka gama, zura hannunka cikin leda, ka kama rigar ka zare ta tun fentin yana ɗanye, ka goge ƙarfen da tsumma mai ruwan tsinkawa. Idan ka bari ta kwana a kai, ita da mariƙin sun zama abu ɗaya. Bar tsofaffin rigunan a waje, inda yara da dabbobi ba sa kaiwa, har su sandare sarai kafin a zubar da su, kuma kada a ƙone su. Gwangwanayen da suka ƙare, huda gindinsu da ƙusa tun a wurin aiki, don kada wani ya ɗauka ya zuba ruwan sha ko hura a ciki.